Jimina ta tafi, raƙumin dawa ya saura: tarihin dabbobi biyu a kan hanyarmu

Wannan shi ne bayanin shirinmu na tarihi, mun sa shi a takarda saboda waɗanda suke kan hanya ko suke daji da dabbobi lokacin da aka watsa shi. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Ga abin da ya jawo maganar. Rannan da la'asar ina zaune a rumfar wani dattijo mai sayar da goro a nan Zangon Wagadugu, sai wani yaro ya miƙo mini salula, wai in duba hoton da yayansa direba ya ɗauko a hanyar Doso. Wata dabba ce tsaye a bakin kwalta, kanta ya wuce saman motar. Yaron ya ce, “Yaya, wannan da gaske ne ko haɗin kwamfuta ne?” Kafin in buɗe baki dattijon ya karɓi salular, ya nisanta ta da idonsa, ya ce, “Raƙumin dawa ke nan, ɗana. Kakana ya ce in ayari ya taso daga Sakkwato, kafin a ƙetare Kwara, da shi da jimina sai an gan su.” Sannan ya juyo gare ni ya ce, “To kai ɗan rediyo, ina suka tafi?” Na ce, “Baba, a ba ni mako guda.” Amsar ke nan na kawo muku.

Kun san Zango ba daga sama ya faɗo ba. Fataken goro ne suka kafa shi. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare kogi a wajen Sayi, ya ratsa ƙasar Gurma, ya shigo ƙasar Mosi, ya gangara Salaga a Gwanja. Tafiyar watanni ce, kuma mafi yawanta a cikin daji. Yau ku ne kuke bin sawun nan, wasu da tirela, wasu a bayan shanu. Hanyar tana nan, amma dajin da ke gefenta ya zama wani abu daban. Dabbobi biyu za su nuna mana yadda aka yi.

Mu fara da jimina. Matasa da yawa ba su taɓa ganinta ba sai a hoto. Ita ce mafi girma a cikin tsuntsayen duniya, namijin kan wuce mita 2 da rabi a tsaye. Ba ta tashi sama, amma a guje tana kai kilomita 70 a awa, doki ma sai ya yi da gaske. Yatsu biyu gare ta a kowace ƙafa, babu wani tsuntsu mai haka. Ƙwanta guda ya kai kilo ɗaya da rabi, kusan ƙwan kaza ashirin da huɗu ke nan. Kuma tana da wani tsari a kwanci: mace, mai launin ƙasa, ta kwanta da rana, namiji, mai baƙin gashi, ya karɓe ta da dare. Irin tamu ta nan yankin jan wuya gare ta.

Tun da daɗewa gashinta kayan sarauta ne. Tarihin Kano ya danganta figini da takalmin gashin jimina da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ƙwanta kuwa har yau yana saman hasumiyoyin masallacin Jenne a Mali. Wannan buƙata ta gida ba ta ƙarar da ita ba, don sarakuna nawa ne a ƙasa?

Abin ya sake ne a ƙarni na 19, sa'ad da matan Landan da Faris suka ɗauki yayin sa gashin jimina a hula. Larabawan Tarabulus da Gadamus suka riƙa saye a Kano da Damagaram da Kukawa, raƙuma suna haurawa da shi hamada. A shekarun 1870 cinikin ya kai ƙololuwa. Wasu mutane sukan kiwata ta a gida su riƙa figa, amma maharbi ba ya jiran wannan, kashewa yake ya feɗe fatar da gashinta. Don ku san darajar irin tamu: a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu, ƙasar da ta riga ta yi nisa a kiwon jimina, ta turo ayari musamman har Kano don neman jiminar yankinmu. A 1912 suka loda sama da ɗari a jirgin ƙasa zuwa Legas, daga can a jirgin ruwa zuwa ƙasarsu. Shekara biyu bayan haka, a 1914, yaƙin duniya ya ɓarke, yayin hula ya wuce, kasuwar gashi ta faɗi warwas.

Da sai a ce jimina ta huta. Ina! Bindiga ta yawaita, mota ta shigo daji, kuma mota ba ta gajiya kamar doki. Masu kwasar ƙwai suka hana ta ƙyanƙyasa. Ta yi ta ja da baya zuwa arewa, har ya zama babban garken da ya rage a Nijar yana cikin duwatsun Abzin. A shekarun 1990, lokacin tawaye, masu bindiga suka gama da shi. Yau in kana son ganin jimina mai jan wuya a Nijar, sai dai ka je inda ake kiwonta a cikin shinge, kamar Kelle a wajen Gure, inda ake ƙoƙarin tara ta don a mayar da ita daji. Tsuntsuwar da kakanninmu suka yi arziki da gashinta, jikokinsu sai sun leƙa ta waya suke ganinta.

To, raƙumin dawa fa? Shi ma saura ƙiris ya bi ta.

Bari in kwatanta muku shi, ku makiyaya za ku fi kowa gane abin mamakin. Babban namiji yakan haura mita 5, babu dabbar da ta kai shi tsawo a doron ƙasa. Amma dogon wuyan nan ƙashi bakwai ne kacal a cikinsa, daidai da na saniya, daidai da naka, sai dai kowane guda dogo ne. Harshensa ya kai santimita 45, baƙi-baƙi, da shi yake zare ganye daga tsakanin ƙayoyi ba tare da ya ji ciwo ba. Kofatonsa a rabe yake, kuma yana tuƙa kamar shanu. Tafiyarsa irin ta raƙumi ce, ƙafafun dama su tafi tare, na hagu su tafi tare, wataƙila abin da ya sa Bahaushe ya ba shi sunan ke nan. In zai sha ruwa sai ya wage ƙafafun gaba kafin bakinsa ya kai ƙasa, kuma yana iya kwanaki bai sha ba in ganye na da ɗanye. Mace tana ɗaukar ciki wata 15, ta haihu a tsaye, ɗan ya faɗo daga sama, kafin awa guda ya miƙe, tsawonsa ya kai na babban mutum. Maza in za su yi faɗa, wuya suke lilo da shi suna bugun juna da kai. Zanen jikinsa kuwa babu biyu masu iri ɗaya, shi ya sa masu ƙidaya suke gane kowanne, kamar yadda Bafillace ke gane kowace saniya a garkensa. Na yankinmu ya fi na sauran Afirka hasken jiki, har wasu na ce masa fari.

Zamansa da mutane a nan ya daɗe ƙwarai. A Dabus, arewa da Agadas, akwai hoton raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya wuce mita 5. Daga bakin kowanne an ja wani layi ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin hoton mutum. A 1898 wani masanin dabbobi a Landan, Oldfield Thomas, ya ba irin namu sunansa na kimiyya, daga wanda aka harbe a kusa da Lakwaja. Ku duba nisan Agadas da Lakwaja. A farkon ƙarni na 20 ana samunsa tun daga Sanagal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya, har tafkin Cadi.

Abubuwan da suka ci shi ba baƙi ba ne a wurinku. Annobar shanu ta wajen 1890, wadda ta bar rugage babu ko ɗan maraƙi, ba ta ƙyale namun daji masu kofato ba. Zamanin Turawa ya kawo bindigogi da motoci, aka yi ta harbinsa don nama da fata da jela. Gonaki suka yi ta cin daji. Ƙasa bayan ƙasa ya ɓace. Zuwa shekarun 1970 sauran suna wajen Ayoru, a kan iyakar Nijar da Mali. Sai ga farin 1973 da 1974, sai kuma na 1984, wanda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari. Farin da ya koro makiyaya kudu, wasu har cikin garin nan, shi ya koro raƙuman dawa. Suka gangaro suka sauka a ƙasar Zabarmawa, a wajen Kure, kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso.

Shekarar 1996 ita ce mafi muni, kuma ƙasarmu ta Burkina tana cikin labarin. A shekarar ne Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, da ya karɓi mulki a Nijar, ya so ya yi wa shugabannin Najeriya da Burkina Faso kyautar raƙuman dawa. Aka tura sojoji kamu. Dabba ce da ba ta jure kora da ɗauri, da yawa suka mutu a wajen kamun. Da aka ƙidaya a wannan shekara, 49 suka rage. Ba a Nijar kaɗai ba, a duk duniya, don irin nan babu shi a wani wuri. Garken mutum ɗaya na tsaka-tsaki ya fi su yawa.

Nan ne labarinsa ya rabu da na jimina. Ku lura da inda ya tsira. Gandun dajin W yana nan tun 1954, da masu gadi da doka, an haɗa shi da Arli da Penjari, amma babu raƙumin dawa ko ɗaya a cikinsa. Kure kuwa ba gandu ba ne. Ƙauyuka ne da gonakin gero da wake, da rijiyoyi, da rugagen Fulani. Da damina raƙuman suna kan tudu, cikin dajin geza da sabara. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso, don can ne gawo yake, kuma kun san halin gawo, da rani yake fitar da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Saniya tana kiwo a ƙasa, shi yana kiwo a sama, a gindin itace guda.

Me ya sa mutanen wurin suka bar shi? Abu uku suka haɗu. Na farko doka: a 1998 Nijar ta yi dokar farauta da kare namun daji, kashe shi ya zama laifin ɗauri. Na biyu amfani: an kafa ƙungiyar kare raƙuman dawa, ta riƙa haƙa rijiyoyi da ba mata rancen sana'a a ƙauyukan da ke zaune da su, samari kuma suka zama 'yan jagora, baƙi na zuwa daga Yamai da ƙasashen waje suna biya don a kai su kallo. Na uku haƙuri, don raƙumin dawa ba waliyyi ba ne. Yana shiga gonar wake, yana cin mangwaro, harawar da manomi ya ɗora a kan itace don ta tsere wa awaki shi a daidai bakinsa take. Mutane suka auna ɓarnar da ribar, suka ga zama da shi ya fi. Daga 49, ƙidayar 2017 ta ba da sama da 600. A 2018 hukumar duniya mai lissafin dabbobin da ke cikin haɗari ta sassauta matsayinsa.

A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki guda 8 a mota, tafiyar kusan kilomita 800, aka kai su Gadabeji a wajen Dakoro, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga ko ɗaya ba. A 2022 aka ƙara mata 4. Wannan karon da likitocin dabbobi aka yi aikin, ba da kora ba. Gadabeji ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye, kuma daga cikin mutanen wurin aka ɗauki masu sa musu ido. Sun riga sun fara haihuwa a can.

Mu nan Wagadugu wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Ku je Bazule, kilomita 30 daga nan, ku ga kadoji kwance a bakin tafki, yara na wasa kusa da su. Mosin garin sun ɗauke su amana tun kaka da kakanni, wanda ya mutu ma binne shi suke. Babu shinge, babu bindigar gadi. Mutanen gari ne suka ce a'a, shi ke nan.

Amma kada ku ɗauka an gama. Ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan jagora na wurin. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan jagora ya yanke. In dabba ta daina kawo komai sai cin wake, haƙurin manomi har yaushe? Ga kuma itacen girki da Yamai ke ci kullum, daga dajin gezan nan ake saro shi. Ga gonaki suna ta hawa tudu. Ga kwalta da ta ratsa tsakiyar wurin kiwonsu, mota takan buge su. Ɗan'uwa makiyayi, karanta jerin nan kuma: daji ya ƙare, gona ta toshe hanya, gawo ya ragu, tsaro ya lalace. Ba kukanka ke nan ba? Abin da ya cinye burtali shi ne yake cin wurin kiwon raƙumin dawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Mu 'yan Zango ma mun ɗanɗana, tun da a 2003 aka rushe tsohuwar unguwarmu ta Zangwatan don gina sabuwar cibiyar kasuwanci, aka watsa maƙwabta gefen gari. Wanda aka taɓa tasa daga mazauninsa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, zamaninmu yana da tasa jiminar. Sunanta ɗankunya. Wata 'yar dabba ce mai ɓawo a jiki jere-jere kamar an lulluɓe ta da faratai, ba ta da haƙori ko ɗaya, da dogon harshe take lasar gara da tururuwa, ɗa guda take haifa ta goya shi a gindin jela. In ta ji tsoro sai ta dunƙule ta ɓoye fuska, abin da ya ba ta sunan ke nan. Zaki ya kan rasa yadda zai yi da ita, mutum kuwa ɗauka kawai yake ya jefa a buhu. Ɓawon nan ake kai wa Asiya don haɗa magani, alhali sinadarinsa ɗaya ne da farcen hannunka da kofaton saniya. A 2016 ƙasashen duniya, a taronsu na Johannesburg, suka haramta cinikinta tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk da haka a watan Afrilu na 2019 kaɗai, jami'an Singafo sun kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya, kowace da sama da tan 12 na ɓawo. Kafin kayan nan su isa tashar jirgin ruwa, ta kan iyakokin ƙasa suke bi, buhu-buhu, a ƙarƙashin wasu kaya. Mai kayan yana can a zaune. Wanda 'yan duwan ke kamawa shi ne direba da yaron mota.

Saboda haka ga roƙonmu. Direba, in ka bar Yamai ka doshi Kure, sassauta ƙafa, musamman da asuba da magariba. Kuma kada ka karɓi ɗaurarren buhun da ba a yarda ka buɗe ba, kome kuɗin da aka sa maka. Makiyayi, in rani ya matsa ka hau gawo, sassabe reshe ka bar kan itacen, baɗi kai ne za ka dawo gindinsa. In kuma kun ga raƙumin dawa ya ɓato nesa da Kure, don sukan yi yawo har wajen Gaya da iyakar Najeriya, ku sanar da mai gari ko ma'aikatan daji, ku hana yara kora.

Na koma rumfar goro na ba Baba wannan amsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya ce, “To jiminar, in sun sake ta, wa zai hana a kwashe ƙwan?” Ban da amsa, sai na ce zan tambaye ku. Wanda kakansa ya ba shi labarin inda ake ganin jimina ko raƙumin dawa a dā, da sunan wurin, ya aiko mana ta hannun direbobi ko ya kira a lokacin shiri, za mu karanta. Allah ya tsare hanya, ya ba da damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.